Neman Jakar da Za Ta Ga Damina Biyu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau jakar kayan aikina ta kunyata ni a gidan mutane. Muna wani gida a Rayfield za mu duba wayar fanka a silin, na taka matakala ta huɗu ta tsani ke nan sai na ji ɓarat. Hannun jaka ya saura a hannuna, ita kuwa ta yi ƙasa. Guduma ta gutsure bakin tayil ɗaya, gilashin mitar gwaji ya tsage, sukurori suka bazu har ƙarƙashin kujeru. Hajiyar gidan ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce lafiya lau Hajiya, alhali raina yana can yana lissafin kuɗin mita. Yarona ya tsince kayan ya zuba a buhun siminti, da shi muka hau keke muka koma Unguwar Rogo kamar masu yawon sayen gwangwan.

Jaka ta uku ke nan cikin shekara biyu. Shekarata goma sha shida ina wayarin a Jos, ban taɓa zama na yi tunanin jaka ba. In ta mutu sai in tsaya bakin hanya in ɗauki wata. Wannan karon ba zan fitar da ko sisi ba sai na gane abin da ke kashe su.

Litinin, 13 ga Janairu

Na zaro tsofaffin jakunkunan biyu daga bayan ƙyaure, na jera su da ta shekaranjiya a kan tabarma. Uwargida ta ce dama ta san wata rana wannan tarkacen zai yi rana.

Ta farko jakar goyo ce ta 'yan makaranta, gwanjo daga Katako. Yadinta har yau garau yake, gindin ne ya zama rariya. Duk hujin da na bi da yatsa na bakin sukundireba ne ko na cizal, tun da a tsaye suke zama, kullum in na dire jakar sai su caki wuri ɗaya. Ta biyu jakar kwamfuta ce, zif ne ya kashe ta. Ƙurar fasa bango ta shiga tsakanin haƙoran, ni kuma ina ja da ƙarfi, har kan zif ɗin ya buɗe baki ya daina haɗa su. Ta uku ita ce ta fi ba ni haushi, don a matsayin jakar kayan aiki na saye ta, aljihunta sun fi ashirin. Da na duba inda ta yage sai na ga hannun a leɓen jakar kawai aka ɗinke shi, layi biyu na zare, tsawon bai kai ɗan yatsa ba. Duk nauyin kayana a kan wannan ɗan ɗinkin yake rataye wata bakwai.

Da yamma na ɗauki buhun simintin na kai wurin masu awon ƙarfe, suka rataya shi a sikeli. Kilo 14. Mai sikelin ya tambaye ni ko sayarwa zan yi. Da na zazzage a gida na ga abin da nake dako: guduma, cizal biyu, zarto, filaya uku, kata mai yanka waya, sukundireba goma sha ɗaya, testa, igiyar jan waya, sifirin lanƙwasa fayif mai milimita 20, salatif kala huɗu, sai ragowar waya 2.5 da ta kusa rabin nadi, tsofaffin bireka shida da na ciro daga gidajen mutane na ce za su yi amfani, da gwangwanin madara cike da sukurori. Kusan rabin nauyin nan kayan da ba na taɓawa ne sai ranar fasa bango. To ashe ba laifin jaka ba ne ita kaɗai.

Asabar, 18 ga Janairu

Sanyi ya sauko sosai, sai wajen sha ɗaya na fita. Na zaga shagunan da ke kewaye da Taminus da titin Ahmadu Bello, inda 'yan kasuwa suka watsu tun da babbar kasuwar ta ƙone a 2002. Jaka kam akwai ta, ja da baƙa da ruwan ɗorawa, kowacce da sunan wani kamfanin Turai ko Amurka a goshinta. Wata ma an rubuta sunan da kuskuren harafi.

Abu ɗaya na ƙaru da shi. A jikin takardar wasu za ka ga 600D, wasu 1680D. Wannan D ɗin ma'aunin kaurin zare ne: in aka auna zare mai tsawon mita 9,000 ya ba da giram 600, shi ne 600D. Ke nan zaren 1680D ya kusa ninka shi uku. Sai dai lambar ba ta gaya maka irin zaren, ba ta gaya maka yadda aka matse saƙar. Na ɗaga wata mai 1680D na kalli rana ta cikinta, ina hango haske ɗigo-ɗigo. Na kankare shafen robar cikin wata da farce, ya taso kamar ɓawon albasa. Zif ma da lambarsa a bayan kan: 5, 8, 10, kusan faɗin haƙoran ne a milimita in an rufe. Yawancin abin da na gani lamba 5 ne, irin na jakar makaranta. Guda ɗaya tak na gani da zif ɗin kamfanin YKK lamba 10.

Mai shagon, wani Ibo da Hausa ta zauna a bakinsa fiye da ni, ya ga ina juya jaka baibai ina bin ɗinki, ya ce, "Oga, jaka za ka saya ko aure za ka nema mata?" Na ce masa ina neman wadda hannunta ya zagaya ta ƙarƙashi ya dawo, ba wanda aka liƙa a baki ba. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da guda. Hannun kam ya zagaya, amma gindin kwali ne aka lulluɓe da yadi. Na danna da babban yatsa na ji ya lotsa. Kwali a Jos, inda ruwa ke farawa a Afrilu bai tsayawa sai Oktoba, kuma rabin aikinmu a kangon da siminti bai bushe ba? Na yi masa godiya na fito hannu rabbana.

Asabar, 25 ga Janairu

Na je gaida maigidana a Gangare, wanda na koyi aiki a hannunsa. Shi a wurin mutanen NESCO ya taso a Bukuru, kamfanin lantarkin da aka kafa a 1929 don ba ma'aikatun kuza wuta daga ruwan Kurra. Idonsa ya yi rauni yanzu, amma hannu bai manta ba. Na ba shi labarin jaka yana dariya. Ya ce a zamaninsu akwatin ƙarfe suke ɗauka, kuma har yau nasa na nan a ƙarƙashin gado, sai dai ba zai ba ni shawarar irinsa ba. Ka ajiye akwatin ƙarfe a gaban buɗaɗɗen akwatin bireka, ƙafarka tana taɓa shi, ƙasa a jiƙe, ka gayyato abin da ya fi ƙarfinka.

Sai ya ce, "Miƙo mini sukundirebar da kake taɓa wuta da ita." Na miƙa. Ya bi jikinta da farce a hankali, daga mariƙi zuwa baki, ya tsaya a tsakiya. "Kai, yaro, mene ne wannan?" Wata 'yar tsaga ce a jikin robar, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, amma da na karkata ta ga haske sai ga ƙarfe yana ƙyalli. Haƙorin zarto ne ya ci ta a cikin jaka. Wata nawa nake cusa ta cikin wuta haka, Allah kaɗai ya sani.

"Baba, ai ban lura ba."

"Ina za ka lura, kana zuba su kamar dankali a buhu?"

Kayan da aka yi don aiki a kan wuta suna ɗauke da alamar zane mai kusurwa uku guda biyu a haɗe da rubutun 1000V, bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60900, kuma kowanne sai an gwada shi da bolt 10,000 kafin ya bar masana'anta. Wasu ma robar hawa biyu ce, kala daban-daban, don in ta waje ta yanke ka hango ta ciki ka san ta gama aiki. Duk wannan ƙoƙarin tsaga guda ke rushe shi. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tsakanin layi da layi kuwa wajen 400, kuma ba ta tambayar shekarunka a sana'a.

Na fito neman jakar da ba ta yagewa, na koma gida da wata buƙatar a gaba da ita: kowane abu mai roba ya samu ɗakinsa shi kaɗai, mai haƙori da mai kaifi su zauna nesa da shi. Sukundirebar na karya bakinta na jefar, don kada yarona ya tsince ta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wasu masu haɗa sola sun zo daga Abuja aiki a gidan da nake wayarin a hanyar Zariya. Ɗayansu yana da jakar kayan aiki ta kamfanin Veto Pro Pac ta gaske. Da suka tafi cin abinci na roƙe shi ya bar ni in duba. Bango ne a tsakiyarta, hannun a jikin bangon yake, aljihu a tsaitsaye hagu da dama hawa-hawa, gindin kuma roba ce mai tauri da aka zuba kamar kwano. Ka zuge zif, komai na kallonka. Da ya faɗi abin da ya biya aka kawo masa ita daga waje, sai na mayar masa da ita da hannu biyu. Amma na yagi kwalin inbata na zana ta ciki da waje, na auna da tef.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Da farko dukawan Naraguta na yi niyya, don aikin fatarsu sananne ne. Na fasa saboda fata mai kaurin da nake so nauyi gare ta, kuma in ta sha ruwa ta bushe sai ta ƙandare. Na nufi wani dattijo mai ɗinkin tamfol ɗin manyan motoci da rigar kujeru a wajen tashar hanyar Bauchi. Kekensa tsoho ne baƙi, allurarsa kamar ƙusa.

Na shimfiɗa masa kwalina. Ya duba ya duba, ya ce, "Injiniya, wannan ai gida ne mai ɗakuna, ba jaka ba." Muka zauna a benci kusan awa biyu muna ja-in-ja.

Abin da muka tsayar: jiki tamfol mai shafen roba, sabo ba kwance ba. Bangon tsakiya falle biyu da farantin roba a ciki. Hannu da maratayi bel ɗin kujerar mota, wanda na sayo a wurin 'yan kayan gyara a Dilimi, tun da abin da aka yi don ya riƙe mutum a hatsari ba kilo goma ne zai tsinka shi ba. Bel ɗin zai bi ta ƙarƙashi ya fito ɗaya gefen, a ɗinke shi murabba'i da gicciye a ciki, da zaren nailan. Zif lamba 10 mai manyan haƙoran roba.

Gindin ne ya ba mu wahala. Ni na kawo shawarar katako, ya ce zai ruɓe. Shi ya kawo ta tayar mota, na ce nauyi. Muna cikin haka wani yaro ya wuce da kurar ruwa, dattijon ya bi jarkokin da ido ya ce, "Ga gindinka can yana tafiya." Jarka mai lita 25, a yanke ƙasanta tsawon yatsa huɗu, a zaunar da jakar a ciki a ɗinke. Ba ta tsatsa, ba ta shan ruwa, wutar lantarki ba ta bi ta jikinta.

Inda muka kusa ɓatawa shi ne maganar ƙarfe. Yana so ya sa waya mai kauri a bakin jakar don ta tsaya a buɗe, ya kuma buga ƙusoshin rebit a kusurwoyi. Na ce Baba a yi haƙuri, ba na son ƙarfe tsirara a ciki. Na taɓa ganin batirin diril mai bolt 18 ya haɗu da ƙusa a jakar wani abokin aiki, kafin a ankara yadi ya fara hayaƙi. Ko ɗan batirin mita mai bolt 9, da kawunansa biyu ke gefe ɗaya, in ya kwanta a kan sukuru zafi yake ɗauka. Ya ce shi shekara arba'in yana buga rebit ba wanda ya ƙone. Na ce ai direbobi yake yi wa aiki. A ƙarshe ya yarda da rebit huɗu kacal a gindin hannu, kowanne a rufe shi da fata ta ciki. Na ba da rabin kuɗi.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Na leƙa wurin Baba mai ɗinki, ko yanka tamfol ɗin bai yi ba, motocin dankali sun yi masa layi. Ya ce bayan Sallah in Allah ya kai mu. Ban ji daɗi ba, amma ba a yi wa dattijo gardama da bakin azumi.

Kafin nan bokitin fenti nake amfani da shi. Na yanka guntayen fayif mai milimita 25 na jera a ciki, kowace sukundireba da nata. Kayan fasa bango na ware su a buhu daban, yarona ke ɗauka ranar da ake buƙata. Abin mamaki bokitin bai yi laifi ba, har kujera yake zama mini. Matsalarsa hawa tsani, da kuma kallon da masu gadi ke yi maka a ƙofar manyan gidaje.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na karɓo. Koriya ce shar da gindi ruwan ɗorawa, ba wanda zai ce kyakkyawa ce. Yarona ya ce, "Oga, kamar kwaɗo ya zauna a faranti." Ba komai a ciki ta yi kilo biyu da rabi, ta fi yadda na so.

Kuskure biyu, kuma duka nawa ne. Da tsofaffin sukundirebobi na auna faɗin aljihu, na manta masu robar 1000V sun fi kauri, uku daga ciki sai da dole suke shiga, wanda kuwa shi ne abin da nake gudu. Aljihun testa kuma ya yi zurfi, tana nutsewa sai na sa filaya na kamo ta. Baba ya farke layi biyu ya mayar da aljihu shida suka zama biyar, ya dunƙule guntun soso ya tura a na testa. Bai karɓi ko kwabo ba, sai dai ya ce gobe in zan yi zane in zo da kayan, ba kwali ba.

Da kayan yau da kullum a ciki ta tsaya a kilo 8.

Asabar, 3 ga Mayu

Ruwan farko mai ƙarfi ya same mu a Farin Gada muna jiran keke, har da ƙanƙara. Minti goma muka yi kafin mu samu rumfa. Da na isa gida na duba sama, kaya a bushe, na yi hamdala na ajiye. Sai bayan kwana biyu na ga jan tsatsa a haɗin filaya mai dogon baki. Na kwashe komai, sai ga ruwa kwance a ƙasa ya kai rabin kofi.

Jarka dai jarka ce. Yadda take hana ruwa shiga ta ƙasa, haka take riƙe wanda ya shigo ta sama. Ta zif ya bi, ya gangara ta jikin bango. Tamfol kuma ba ya numfashi, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Yarona ya ce a huda gindin. Na ce in mun huda, ranar da muka dire ta a kan jiƙaƙƙen dabe fa? Mun koma gidan jiya.

Baba ya ɗinka mata marfi da ya sauko ya rufe zif ɗin kamar baki na hula. Ni kuma na ɗauki al'adar barin ta a buɗe duk dare, na riƙa tara 'yan ƙunshin tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin inbata ina jefawa ciki. Filayar na goge ta na ɗiga mata mai a haɗin kaɗai, ban bari ya taɓa roba ba. Mita kuwa yanzu tana cikin robar abinci mai murfi, a aljihun sama. Danshi a cikin mita ba ƙaramin abu ba ne, tana iya nuna maka ƙarya a kan layin da kake shirin kamawa.

Asabar, 14 ga Yuni

Aikin farko bayan Babbar Sallah, a Bukuru. Mun gama, mun yi sallama da maigida, na buɗe jaka zan mayar da salatif sai na ga aljihu na uku a hagu wayam.

"Ina kata?"

"Oga, tana ciki."

"Zo ka nuna mini."

Ya leƙa, ya sosa ƙeya, ya koma ya hau silin. Tana can kwance a kan katako kusa da akwatin haɗin waya. A da sai na kai gida, ko sai wani aikin ya taso, sannan in san ta ɓata, in yi ta zargin yaran unguwa. Kata biyu na rasa haka bara. Ban sa wannan a lissafi ba lokacin da nake zane.

Abin da ke damuna yanzu kafaɗa. Bel ɗin mota santsi gare shi, yana zamewa, gefensa kuma yana cin wuya in na yi tafiya mai nisa, kuma a unguwanninmu na kan duwatsu keke ba ya kai ka ƙofar gida. Na naɗe shi da tsohon tawul na ɗaure da salatif kafin in samu zuwa wurin Baba.

Asabar, 19 ga Yuli

Zif ya fara buɗewa ta baya, wata uku da rabi kacal. Haƙoran lafiyarsu ƙalau, kan ne ya saki. Na wanke shi da tsohon buroshin haƙori, abin da ya fita na ƙurar siminti ya ba ni kunya. Na matse kan da filaya kaɗan, na goga kyandir, ya koma aiki. Baba ya ce in ya sake yi a canza kan kawai, ba sai an farke jaka ba. Ya sa mini matashi na soso da fata a maratayi.

Mutum biyu cikin abokan aiki sun kai masa nasu aikin. Ɗaya ya ce a yi masa babba da za ta ci diril da guduma da komai. Na gaya masa labarin kilo 14, ya ce shi ƙarfinsa ya fi nawa.

Asabar, 9 ga Agusta

Wata huɗu tana aiki, ruwa kusan kullum. Hannu ko zare ɗaya bai motsa ba. Gindi ya sha ja a kan dabe da tsakuwa, ya yi zane-zane amma bai fashe ba. Na bi duk masu roba da farce yadda maigidana ya yi, ban samu tsaga ba.

Sai dai yau da nake goge ta na ga wani farin layi a kusurwar baya, daidai inda tamfol ke gogar leɓen jarka. Wurin yankan kaifi gare shi, ba mu kankare shi sosai ba, yana cin tamfol ɗin ta ciki. Na sa yatsa na ji ya yi siriri. In aka bar shi ba zai kai ƙarshen Satumba ba. Na kira Baba, ya ce in kawo ranar Litinin da guntun tsohon tub na babur, zai farke gindin ya naɗe leɓen da shi ya mayar. Kwana biyu za ta yi a wurinsa, don haka na ce wa yaro ya wanko bokitin fenti. Shi kuma ya riga ya samo wata jarka shuɗiya ya ɓoye a bayan shago, wai tasa ce in ya tara kuɗin tamfol.